Ga ƙanwarmu da aka mayar wa zanenta ba a biya ta ba

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tun daren jiya na ga tambayarki, na bari sai da na samu natsuwa don kada in amsa miki a tsaitsaye. Kin ce wata uku kika yi kina zana hotuna 18 na wani littafin yara, da kika kai mai littafin ya ce ba su yi masa ba, bai ba ki ko sisi ba, daga baya kuma kika ga littafin ya fito da hotunan ƙirƙirarriyar basira waɗanda tsarinsu ya yi kama da naki. Kina tambaya ko hannunki ne bai kai ba, ki haƙura ki kama wata sana'ar. Allah ya ba ki haƙuri, ya mayar miki da mafi alheri. Na san wannan zafin, domin na ɗanɗana shi ba sau ɗaya ba.

Ni a shagon rubuta allon talla na fara, a Fagge, tsakiyar shekarun 1990. Maigidana, Allah ya jiƙansa, sai da ya sa na shekara guda ina wanke burushi ina dama fenti ina ja masa layi da zare kafin ya yarda na taɓa harafi. Allon shago muke yi, da lambar mota, da bayan manyan motoci. Lokacin ne kasuwar littattafan Hausa ta Kano take tashe, marubuci shi ne mai buga littafinsa da kuɗin aljihunsa. Zai zo da labarinsa a rubuce cikin littafin makaranta, ya zauna a benci ya ba ka shi a taƙaice, kai kuma ka zana bangon a kwali da fentin ruwa, a ɗauka a je a raba masa kala kafin ya shiga inji. Na yi shekaru ina cin abinci da wannan, da shi na yi aure. Sai fim ɗin Hausa ya bunƙasa, kwamfuta ta shigo, masu littafi suka gane cewa hoton fuskar da mutane suka sani a fim ya fi jan mai saye, kuma yaron da ya iya manhajar zane ta Corel Draw zai haɗa bango cikin awa biyu a kan kuɗin da bai kai rabin nawa ba. Kafin in ankara benci ya zama ba kowa.

Abin da na yi a lokacin shi ne kuskure mafi tsada a rayuwar aikina. Na yi fushi da kwamfuta. Kusan shekara uku ina cewa wannan ba zane ba ne, mutane za su gaji su dawo. Ba su dawo ba. Na ɗauki abin kamar an zauna an yanke hukunci a kan hannuna, alhali ba wanda ya ma dubi hannuna, lissafin kuɗi kawai suka yi. Da na sauke girman kai na je wurin wani yaro da na girme shi da shekara 10 ya koya mini, sai na tarar abin da na sani na haske da inuwa da tsarin shafi yana nan daram, kayan aiki ne kawai suka sauya. Shekara ukun nan dai ba ta dawo ba.

Shi ya sa nake so ki fara da rarrabe abu biyu da kika haɗe su a tambayarki. Akwai ƙin aiki saboda kuɗi, akwai ƙin aiki saboda aikin. Mutumin da ya ce zanenki bai yi ba, sannan ya bi tsarinki shafi bayan shafi, ya riga ya ba ki amsa da kansa. Ba a kwaikwayon abin da ba shi da kyau. Amma ba zan ce miki hannunki ya gama nuna ba tunda ban ga zanen ba, kuma akwai irin ƙin da yake gaskiya ne, wanda idan kika toshe kunne gare shi kin cuci kanki. Bari in ba ki nawa.

Aikin littafin yara na farko da na samu daga wata ƙungiya ce mai shirya littattafan koyon karatu da Hausa na 'yan aji 1 zuwa 3. Na zuba duk ƙwarewata. Mai duba aikin wata dattijuwa ce da ta shekara da shekaru tana koyarwa a firamare. Ta baje zanen a tebur, ta ɗauki wanda na fi alfahari da shi, wata uwa tana daka a tsakar gida, ta ce, "Malam, a wane gari ka ga wannan matar?" Na rasa ta cewa. Ta nuna mini yadda matar ta riƙe taɓarya kamar mai riƙe sanda, ta tsaya ƙafa a haɗe, babu mai daka a haka. Goyon da ke bayanta yana lilo a ƙugu, ba majanyi. Hancinta da idonta na fastocin fim ɗin Indiya ne da na taso ina kwafa. Yara biyar ɗin da ke littafin fuskarsu ɗaya, kaya kawai na sauya musu. Ta mayar mini da fiye da rabin aikin.

Na kwana biyu ina jin haushinta. A na uku na shiga cikin gida na zauna ina kallon matata tana daka, na ga duk abin da dattijuwar nan ta faɗa haka yake. Shekara da shekaru ina zana Hausawa ban taɓa tsayawa na kalle su ba. Zanen wasu nake kwafa in sa masa hula.

Daga ranar na sayi ƙaramin littafi marar layi, ya zama ba na fita sai da shi a aljihu. Na zauna a Kasuwar Kurmi, na zauna a bakin karofin Ƙofar Mata ina kallon yadda marini yake durƙusa yana tsoma zane, na zauna a tasha. A nan na koyi cewa babbar riga ba a tsaye take kamar buhu ba, mai ita kullum yana tattare hannayenta yana ɗorawa a kafaɗa, kuma yadda attajiri yake yi daban da yadda malamin zaure yake yi. Na koyi cewa yarinya mai talla wuyanta a miƙe yake saboda gammo da faranti, idonta ne kawai ke juyawa. Na ga yadda tsoho yake zama a buzu, yadda mai kura yake jingina nauyinsa gaba idan jarkoki sun cika, yadda ɗan acaɓa yake sauke ƙafa ɗaya. Na fara bambanta karin hula, zanna bukar da damanga ba zama ɗaya suke yi a kai ba. Na zana zanko a saman soro, na zana azara, na zana randa a gindin bishiya da moɗa a kanta. Littattafan nan yanzu sun cika kwali biyu a ɗakina, kuma duk lokacin da wata kasuwa ta mutu a ƙarƙashina, su ne suka haye da ni zuwa ta gaba.

Daga baya na ji cewa ba ni na fara wannan faɗan ba. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun kafa ƙungiya don ba su yarda a koya musu zanen Turawa zalla a bar na gida ba. Okeke ya koma ga zanen uli na mutanensa Ibo ya gina salonsa a kai. Mu ma muna da inda za mu koma: zayyanar allo da ta Alƙur'ani, adon bangon gidajen ƙasa na Kano da Zariya da Damagaram, aikin wuyan riga irin su aska takwas, zanen ƙwarya, zanen lalle. Ko a gida aka taso miki da maganar zanen abu mai rai, wadda na san kusan dukanmu mun sha ta, ki je wurin malamin da kika amince da iliminsa ki yi masa bayanin ainihin abin da kike yi, littafin koyar da yara ne, ki bi abin da ya natsar da zuciyarki. Kuma ki sani waɗannan fannoni na ado kaɗai sun ishi mutum sana'a.

Akwai wani darasin da dattijuwar nan ta ƙara mini, wanda ya shafi aikinki kai tsaye. Ta sa na bi su makaranta ranar da za a gwada littafin. A shafin harafin "a" na zana akuya. Malama ta ɗaga ta ce, "Mene ne wannan?" Rabin aji suka ce kare. Na yi wa akuyar inuwa mai kyau, na yi mata gashi dalla-dalla, amma na zana ta tana fuskantar mai kallo, ƙaho da gemu da ɗan wutsiyar da ke ɗagawa sama duk sun ɓace. Da na sake ta a gefe da layi kaɗan, babu yaron da ya yi kuskure. Yaro ɗan shekara 6 ba ya duban wahalar da kika sha. Idan ya kasa kiran sunan abin cikin daƙiƙa biyu, zanen bai yi aikinsa ba. Har yau ba na miƙa littafin yara sai na tara 'ya'yan maƙwabta na nuna musu ba tare da na karanta rubutun ba, in ce su ba ni labarin. Inda suka yi shiru, nan ne gyara yake. Ki gwada haka da hotunanki 18, za su gaya miki gaskiyar da mai littafin bai gaya miki ba.

Kuma ke kina da abin da ni ba ni da shi. Ni iyakata zaure da kasuwa. Ke kina shiga ɗakin amarya ranar kamu, kina zama inda ake kitso da ƙunshi, kin san yadda ake jeren ɗaki, kin san yadda mai jego take zama, kin san wasan gaɗa daga ciki. Yawancin labaran yara a tsakar gida suke faruwa, kuma yawancin masu zana su maza ne da suke hasashe. Duk sanda aka ba ni irin wannan shafi sai na nemi 'yan matan da na koyar su gyara mini.

Game da ƙirƙirarriyar basira, ba zan ruɗe ki ba. Tun daga 2022 da manhajojin ƙirƙirar hoto irin su Midjourney suka fito, mai neman hoto mai sheƙi a kyauta ya samu, kuma ba zai dawo ba, kamar yadda masu bangon littafi ba su dawo wurina ba. Bangon littattafan da ake sayarwa ta WhatsApp kusan duk ya tafi can. A yanzu tana yawan kuskure a kan abin namu, ka nemi Bahaushe ta ba ka rawanin wata ƙasa, ka nemi gidan ƙasa ta ba ka bukka, yaron da ke shafi na 2 ya sauya kamanni a shafi na 7. Amma kada ki gina rayuwarki a kan kuskurenta, don kullum gyara ta ake yi. Ki koyi yadda take aiki, kada ki yi irin fushin da na yi. Masu ɗaukar aikin da suka rage gare mu su ne waɗanda kuskure yake yi musu tsada: masu littafin makaranta, masu wayar da kai kan lafiya da za su kai takarda ƙauye inda hoto ɗaya marar kan gado zai sa a yi watsi da saƙon gaba ɗaya, da marubucin da yake son littafinsa ya yi ƙamshin garinsu. Waɗannan mutum suke nema wanda zai ce musu, a'a, a nan ba a haka ake ɗaura zani.

Yanzu maganar kuɗi, wadda ita ce ainihin inda aka cuce ki. Wata uku ba kafin alƙalami, wannan ba zai sake faruwa ba in sha Allahu. Ni ba na ɗaga fensir sai an ba ni rabi. Wanda ya ce ba zai iya ba da rabi ba, ba zai iya ba da duka ba, na gwada wannan sau da yawa ban taɓa ganin ya saɓa ba. Bayan haka aikin hawa-hawa ne. Zan fara aika zanen fensir na manyan 'yan labarin, ya ce ya yarda a rubuce. Sai zanen fensir na dukan shafuka, ya ce ya yarda. Sai shafi ɗaya da kala. Da an bi haka, da a sati na biyu zai ce bai yi masa ba, ki riƙe kafin alƙalaminki ku rabu lafiya. Gyara sau biyu ne a cikin kuɗin, na uku da kuɗinsa. Abin da nake turawa a duba ƙarami ne da sunana kwance a tsakiyarsa, babban fayil ba ya fita sai ciko ya shigo. Mun taso da jin nauyin maganar kuɗi, musamman idan mai aikin babba ne ko ɗan'uwa, ke kuma mace abin zai fi miki nauyi. Ki rubuta sharuɗɗanki sau ɗaya cikin ladabi ki ajiye a waya, duk wanda ya zo ki tura masa, ki ce haka tsarin aikinki yake. Idan ya amsa "na amince" a WhatsApp, kin samu shaida. Alƙur'ani ma, a aya mafi tsawo a cikinsa, umarni ya yi a rubuta bashi, don haka ba rashin kunya ba ne.

Hotunan nan 18 naki ne. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta aka sa mata hannu a 2023, mai zane yana mallakar aikinsa tun daga lokacin da ya yi shi, kuma mallakar ba ta komawa hannun wani sai da rubutacciyar yarjejeniya. Ki adana saƙonninku duka, da zanen fensir, da fayilolin da ke nuna ranar da kika yi su, ki sayi kofi ɗaya na littafin ki ajiye. Kada ki fara da zagi a Facebook, zai juye a kanki. Ki sa wani babba da yake jin nauyinsa ya je masa da shafukan a jere, naki da nasa, a nemi ya biya wahalar tsarin da ya ɗauka. Sau biyu na karɓi haƙƙina ta wannan hanya. Idan ya ƙi, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa, kuma lauya zai duba ya gaya miki ko kamannin ya kai a yi ƙara. Ko ba ki samu komai ba, ki cire rubutun labarinsa ki baje hotunan a shafinki. Aikin da aka ƙi biya na ya taɓa jawo mini aiki mafi girma, don wani ya gan shi a bangon shagona.

Sauran faɗuwar da na yi zan taƙaita su. Na taɓa miƙa littafi da kalar allon kwamfuta, wato RGB, ban mayar da shi CMYK na injin bugu ba. Shuɗin sama ya fito kamar toka, fatar yaran ta dagule ta zama baƙi ƙirin ba a ganin ido. Fatarmu ita ce ta fi saurin lalacewa a bugu, musamman a takarda mai shan tawada, don haka ki rage baƙi a cikin haɗin, ki sa hotonki a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci don ya fito tas, ki bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, kuma ki je maɗaba'a da ƙafarki ki ga gwajin farko kafin a saki inji. Na taɓa rasa aikin shekara biyu da rumbun kwamfutata ya ƙone bayan an kawo wuta da ƙarfi, tun daga nan komai nawa yana wuri uku. A 2021 da aka rufe Twitter a Najeriya na tsawon wata bakwai, yaran da duk masu ba su aiki a can suke sun sha wuya. A farkon 2025 da Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, wani aikin da na dogara da shi na shekara guda ya tsaya da saƙo ɗaya, ina da 'ya'ya a makaranta. Abin da ya riƙe ni shi ne ban taɓa rufe ƙananan ƙofofi ba: tambarin shago, katin biki, kwalin masu turare da yaji, da ajin zane da nake yi wa yara ranar Asabar.

Don haka idan kina da ɗinki ko lalle ko koyarwa, ki riƙe shi da kyau, kada ki ji kamar kin ci amanar zane. Mai zanen da cikinsa yake da abinci shi ne yake iya cewa a'a ga mai son aikin banza. Ki ware ko awa ɗaya ce kullum, ko da manhajar zane ta ibisPaint ce a waya ko Krita da ake saukewa kyauta, ko ma biro da takarda. Ki leƙa shafukan intanet na African Storybook da StoryWeaver, akwai labaran yara da Hausa a buɗe, ki ga yadda wasu suke raba labari a shafuka, ki ɗauki tatsuniya ɗaya da kakarki ta ba ki ki zana ta shafi 8 don kanki. Masu ɗaukar aiki sun fi son ganin labari ɗaya da aka kai ƙarshe a kan kyawawan fuskoki 50 da ba su da alaƙa da juna.

Ki turo mana uku daga cikin hotunan a nan, ƙanana, da sunanki a kai. Ki haɗa da zanen fensir ɗinsu idan kina da shi, don a nan ake ganin hannu kafin kala ta rufe shi. Hannaye da ƙafafu zan fara dubawa, sai in ga ko yaran sun bambanta da juna, sai in nuna wa 'yan ajina na Asabar in kawo miki abin da suka ce. Idan akwai gyara zan faɗa miki shi ɗaya bayan ɗaya yadda dattijuwar nan ta yi mini, Allah ya saka mata da alheri.